Tafintan Uwar Masu Dashe

Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallo a garin Tudun Maƙera ya san muryar Tasi'u, ko da bai san fuskarsa ba. Sana'arsa fassarar fim. Yana da ɗan shago a bayan tasha, ya manne bangonsa da kwalin ƙwai don kada ƙarar babura ta shigo, a nan yake wuni gaban kwamfuta yana sa wa Indiyawa da Turawa Hausa a baki. Shi ne jarumi, shi ne mugu, shi ne tsohuwa mai tari. Turancinsa kuwa, kada Allah ya sa a tambaya. Abin da ya iya shi ne kallon baki da ido da hannu. In ya ga mutum ya zare ido ya nuna ƙofa, ya san kora ce, sauran zancen kuma sai ya cike da nasa.

Wata rana aka kawo masa fim ɗin wasu ƙattin halittu na wata duniya can sama, waɗanda wai su suka ƙera mutane suka tafi, sannan suka dawo za su hallaka su. Tasi'u ya yi a'uziyya ya ce ƙarya dai sai Bature, amma aiki aiki ne. Abin da ya ba shi haushi, har fim ɗin ya ƙare ba a faɗi dalilin ƙattin ba. Wuri ɗaya ne babbansu ya buɗe baki ya yi magana da wani yare wanda ba na mutane ba, kuma ba a rubuta komai a ƙasa ba. Su kuwa masu kallon Tasi'u ba a barinsu da tambaya, sai su ce mai fassara ne bai iya ba. Don haka ya kumbura murya ya ce, "Ya ku ƙananan halittu, dasa ku muka yi kamar yadda ake dasa shinkafa. Kun yi yabanya, kun nuna, ga shi mun zo girbi."

Maganar nan ta karɓu fiye da fim ɗin. Masu shayi na faɗa, 'yan acaɓa na faɗa, mahauci in ya ɗaga wuƙa sai ya ce wa akuya an zo girbi. Kan Tasi'u ya yi girma, har tafiyarsa ta sauya.

Ran nan rana ta take tsaka, yana cikin cin garau-garau, sai hasken ƙofa ya ɗauke. Wani mutum ya sunkuyo ya shigo, ya ci gaba da shigowa, kamar ba zai gama ba. Da ya zauna, gwiwoyinsa suka tokare silin. Fatarsa fara fat kamar alli, ba gashi ko ɗaya a jikinsa, kuma inuwarsa biyu ce, ɗaya ta yi gabas ɗaya ta yi yamma.

Ya ce, "Aminci ya tabbata a gare ka, ya kai ma'abocin muryoyi. Ni ne Shamkuru, manzon Birnin Masu Dashe. An umarce ni in zo da tafinta."

Cokali ya faɗi daga hannun Tasi'u. Ya ce, "Ranka ya daɗe, in turin fim ne a waya, shagon gaba ne."

"Kai ne ka faɗi zancen girbi?"

"Wallahi wasa ne, ranka ya daɗe. Sana'a ce kawai."

"Ban san abin da ake kira wasa ba. Tashi."

Ya ɗauke shi da yatsu biyu ya sa a kafaɗa. Suka ratsa tsakiyar tasha, Tasi'u na ihu yana kiran sunayen mutane, ba wanda ya ko waiwayo. Suka shiga tsohuwar sinimar garin, wadda yanzu 'yan doya suka mayar rumbu, Shamkuru ya nufi farin bangon da ake haska fim a da, ya taka cikinsa kamar mai shiga kududdufi.

Suka ɓulla a wani daji wanda ranarsa koriya ce. Tasi'u ya ɗaga kai don ya ga irin bishiyoyin, sai ya ga ganyayensu duka kunnuwa ne, manya da ƙanana, suna motsi suna juyowa inda suke. Daga kowace bishiya zancen mutane ke ɗiga: cinikin kasuwa, rarrashin jarirai, zagin direbobi, addu'ar marasa lafiya.

Shamkuru ya ce, "Wannan ne Dajin Sauraro. Duk abin da ɗan Adam ya furta a nan yake sauka. Kame bakinka har mu fita, domin duk ɗan Adam da ya yi magana a nan kunnuwa za su tsotse shi har sai ya koma amo."

Tasi'u ya danne bakinsa da hannu biyu, abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi. Suna tsakiyar dajin ya ji wata murya mai kauri tana fitowa daga wata babbar kuka, tana maimaita zancen dasa shinkafa da girbi, ba ta hutawa. Muryarsa ce. An kewaye bishiyar da duwatsu, an share gindinta tas, ga sawun manyan gwiwoyi ko'ina a ƙasa, alamar ana zuwa ana durƙusa mata.

Bayan dajin suka iske wani kogi da ke gudu daga ƙasa zuwa sama, kifayensa na faɗowa kamar ƙanƙara. A bakinsa ga wata tsohuwar kunkuru mai girman masallacin unguwa.

Ta ce, "Ya manzo, kai na san ka. Wannan ɗan tsurut ɗin fa, da me zai biya kuɗin fito?"

Shamkuru ya ce, "Muryoyi gare shi da yawa. Zaɓi ɗaya."

Aka sa Tasi'u ya baje kolinsa. Ya yi ta jarumi, ya yi ta tsohuwa mai tari, ya yi ta ɗan daudun fada, kunkuru na girgiza kai. Don tsabar ruɗewa sai wata dariya ta kuɓuce masa, tasa ta gaskiya, wadda yake yi in yana wasa da 'yarsa. Kunkuru ta ce, "Wannan nake so." Ta buɗe baki ta shaƙa. Tasi'u ya ji wani abu mai ɗumi ya fice masa daga ƙirji. Ya gwada ya sake dariyar, sai iska kawai ta fito.

Ta haye da su kogin, suna tafiya sama har gajimare ya koma ƙarƙashinsu. Tun kafin su sauka yake jin wata ƙara, shuu, shuu, wadda ta sa haƙoransa tsami. Da suka hau tudu ya ga mafarinta. Fili ne iya ganin ido, cike da ƙatti irin Shamkuru, kowa ya durƙusa gaban dutsen washi, kowa da lauje a hannu mai tsawon giginya. Tartsatsin wuta na tashi ko'ina. Wasu sun gama washi suna gwada kaifi a kan duwatsu, dutse na rabewa kamar kabewa.

Tasi'u ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Wace gona za a girbe da waɗannan?"

Shamkuru ya dube shi da mamaki ya ce, "Kai ne ka faɗa mana, kuma kake tambaya?"

Aka shigar da shi birnin, wanda aka sassaƙa a jikin dutse guda, aka ajiye shi a gaban babbansu, wani tsoho mai suna Gazarmu, wanda fatarsa ta tsattsage kamar ƙasan tafki da rani. Tasi'u ya zube ya kwashi gaisuwa, amma duk da haka sai da ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ni dai abin da na sani, Allah ne ya halicce mu."

Gazarmu ya ce, "Ka faɗi gaskiya, ya kai ɗan Adam. Mu ma halittattu ne, ba mu taɓa hura wa ko ƙuda rai ba. Mu masu dashe ne. Mahaifiyarmu ce ta tarar da kakanninku 'yan kaɗan a wani kwari suna mutuwa da yunwa, ta kwashe su a tafin hannu ta warwatsa su a bayan ƙasa, ta ba su iri da wuta. Sannan ta kawo mu nan ta ce mu jira, ta kwanta barci. Zamani ya shuɗe, manyanmu suka ƙare, harshen farko ya mutu tare da su. Yanzu ta fara farkawa tana magana, ba mai fahimtarta a cikinmu. Mun san mun dasa ku, amma ba mu san don me ba. Wannan tambayar ta hana mu sukuni."

Ya numfasa, iskar ta kusa kayar da Tasi'u. Ya ci gaba, "Sai ran nan Dajin Sauraro ya kawo mana kalmominta, su ɗin dai da take faɗa, daga wani akwati a garinku. Muna cikin mamaki sai muka ji muryarka ta biyo baya da fassara. Tun daga ranar muke washi."

Tasi'u ya so ya ce ƙirƙira ya yi, ya so ya ce bai san inda Turawan suka tsinto kalmomin ba. Amma ya tuna manzon ma bai san wasa ba, balle ƙarya. In ya ce bai iya ba, laujunan dai sun riga sun yi kaifi.

Gazarmu ya ce, "Saura mu ji daga bakinta ranar farawa. Amma gonar mun riga mun auna ta, daga inda muryar ta fito za mu soma. Duba."

Aka turo masa wani kasko mai faɗi cike da ruwa. Ya leƙa, sai ga Tudun Maƙera kwance a ciki, ga tasha, ga shagonsa a buɗe. Ruwan ya matso da wani gida a bayan gari, gidan mahaifiyarsa, Inna Yalwa. Tana zaune a tsakar gida da ludayin kunu, a cinyarta ga Rumasa'u, 'yarsa tilo, wadda aka kai yaye makon nan. Yarinyar na ture ludayin tana tsala kuka. A waje kuma, jikin zana, ga matarsa Barira ta lallaɓo ta raɓe tana leƙe ta wata 'yar kafa, ta toshe bakinta da mayafi, gaban rigarta ya jiƙe. An hana ta shiga, don in yarinyar ta gan ta yaye ya ɓaci. Tasi'u ya miƙa hannu zai taɓa su, ruwan ya watse. Tsoro irin wanda bai taɓa ji ba ya kama shi.

Sai ƙasa ta girgiza. Wani gurnani ya taso daga cikin dutsen. Gazarmu ya miƙe ya ce, "Ta farka."

Suka bi wani dogon rami, ƙattin duka suka biyo su da laujensu, har suka fito wani kogo wanda tsuntsu zai gaji kafin ya kai rufinsa. A bakin kogon kowane ƙato ya ciro baƙin ƙyalle ya ɗaure idonsa, ya kwanta rub da ciki.

Shamkuru ya ce, "Ɗan da ya kalli fuskarta idonsa narkewa yake kamar kitse a wuta. Ku kuwa ba daga jikinta kuka fito ba, ba abin da zai same ka. Matsa gaba." Ya ɗaure nasa idon ya kwanta.

Tasi'u ya rage shi kaɗai a tsaye. Ya ɗaga kai. Daga ƙugunta zuwa ƙasa ta zama dutse, ta haɗe da kogon. Gashin kanta saiwoyi ne. Idanunta biyu kamar bakin rijiya suka sauko a kansa. Ta buɗe baki ta yi magana, kalmomin nan ne na cikin fim, har da inda ake jan na ƙarshe. Ko ɗaya bai fahimta ba. Sai ya yi abin da ya saba yi a shago, ya bar sauraro ya koma kallon hannu.

Ta miƙa hannun hagu ta damƙi iska, kamar mai tattaro kan shinkafa. Ta kawo na dama ta ƙasa ta fizge. Ta jefar gefe. Ta sake damƙa, ta sake fizgewa. Sannan ta shafa cikinta, ta lashe leɓe.

Tasi'u ya ji kogon na juyawa da shi. Ashe abin da ya ƙirƙira yana cin gyaɗa a shago, don kawai kada a ce bai iya ba, shi ne ainihin maganar. Dasa su aka yi don a ci.

Muryar Gazarmu ta taso daga ƙasa, "Ya tafinta, me mahaifiyarmu ta ce? Yaushe za mu fara?"

Duk muryoyin Tasi'u suka gudu suka bar shi. Ba abin da ke cikin kansa sai Barira jikin zana. Ya buɗe baki da muryarsa ta gida.

"Allah ya ba ka nasara, an samu kuskure. Wancan na cikin akwati ɗan kwaikwayo ne, ya saci kalmominta ya faɗe su da fuskar mugunta, ni kuma fuska nake fassarawa. Yau da na ga mai maganar da idona, zancen ba haka yake ba. Cewa ta yi, 'ya'yan Adam 'ya'yan goyona ne, yaye na kai su."

Gazarmu ya ce, "Mene ne yaye?"

"In yaro ya isa barin nono, sai a ɗauke shi a kai shi gidan kakarsa. Zai yi kuka, zai ƙi abinci, zai zaci an yar da shi. Uwar kuma ba ta zuwa, ba ta aike, ko inuwarta ba a so ya gani. Ba ƙiyayya ba ce, so ake ya koyi ci da hannunsa. Ta ce ta hana ku zuwa wurinsu ne saboda haka, kuma duk wanda ya leƙa su ya ɓata mata yaye."

"Wace ce kakar?"

"Ƙasa, ranka ya daɗe. Ita aka ba riƙonsu."

"Yaushe ake ɗauko yaron?"

"Sai kakar ta aiko da kanta. Ba a yi mata gaggawa."

Sai kafaɗun Gazarmu suka fara rawa, ya ce, "Ashe ƙannenmu ne. Ƙannenmu muka wasa wa lauje!" Ya saki nasa ya faɗi. Na bayansa ya saki. Ƙarar faɗuwar ƙarfe ta bi ramin har waje kamar ana sauke kwanon rufi.

Uwar ba ta jin Hausa, amma ta san ƙarar lauje in an yar da shi. Idanunta suka kaɗa suka yi ja. Ta kurma wani ihu da ya zubo da duwatsu daga rufi, ta kawo wa Tasi'u cafka. Ya ja da baya ya manne da bango, farcenta ya tsaya dab da hancinsa, yana kartar iska.

Gazarmu ya ce cikin firgici, "Ya tafinta, me ya same ta?"

Tasi'u, gumi na zuba har cikin idonsa, ya ce, "Nono ne ya cika mata, ranka ya daɗe. Haka kowace uwa take yi lokacin yaye. Ku bar ta, zai wuce."

Ta yi ta ihu har ƙarfinta ya ƙare, kanta ya langaɓe, barci ya sake ɗauke ta.

Aka fito da Tasi'u a kafaɗa ana yi masa kirari. Aka tara laujunan aka zuba a kogin da ke gudu sama. Gazarmu ya sa aka kawo masa tulin duwatsu masu walƙiya, ya ce, "Ka cire mana ƙaya, ya ma'abocin muryoyi. Ɗauki abin da kake so, Shamkuru zai mayar da kai ga iyalinka yanzun nan."

Daɗi ya kama Tasi'u. Ya juya zai hau kafaɗar manzon ke nan sai ya ji Gazarmu na cewa, "In ka sauke shi, ka taho da wani daga masu sana'arsa."

Ya tsaya cak. "Wani kuma? Na me?"

"Mahaifiyarmu takan farka sau da yawa yanzu, kuma duk farkawa sai ta yi magana. Ba za mu sake zama cikin duhu ba. Dole kullum a sami tafinta a gabanta. In kai ka gaji, masu fassara ba su ƙare a garinku ba."

Tasi'u ya bi abokan sana'arsa ɗaya bayan ɗaya a zuciyarsa. Duk ya san su, tare suka koya. Kowannensu hannu yake kallo, kuma hannun nan ko makaho ya shafa ya san girbi ne. Wanda duk aka tsayar a kogon, tsoro kaɗai zai sa ya faɗi abin da ya gani. Ƙarfe kuwa bai ƙare a birnin ba, dutsen washi ma yana nan.

Ya dubi Shamkuru da ya durƙusa yana jiransa. Ya dubi hanyar kogi. Baƙin ciki ya kama shi, ya tsani fim, ya tsani bakinsa, ya tsani ranar da ya fara kumbura murya.

Ya ce, "Ku bar su. Ba su iya harshenta ba, za su ɓata muku zance. Ni zan zauna."

"Har yaushe?"

"Har kakar ta aiko."

Gazarmu ya ce, "Madalla da kai. Roƙi abin da kake so."

"Kaskon nan na ruwa. A ajiye mini shi a bakin kogo."

Aka ajiye masa. Ya durƙusa ya leƙa. Inna Yalwa ta kai ludayi bakin Rumasa'u, yarinyar ta yi ajiyar zuciya, ta kama ludayin da hannunta ta kurɓa. Barira ta share ido ta bar jikin zana, ta nufi hanyar tasha da saurinta, da gani albishir za ta kai masa shago. Ya bi ta da kallo har ta tsaya a ƙofar shagon tana ƙwala masa kira.

Sai ƙasa ta girgiza. Ƙattin suka ɗaure idanu suka kwanta. Tasi'u ya miƙe ya shiga, ya tsaya daidai inda farcen ba ya kaiwa. Uwar ta buɗe ido, ta gan shi, ta gane shi. Ta damƙi iska da hagu, ta fizge da dama, a hankali wannan karon, tana kallon tsakiyar idonsa.

Gazarmu ya ce, "Ya tafinta, me ta ce?"

Hawaye na bin kumatun Tasi'u, amma muryarsa ba ta yi rawa ba.

"Ta ce a ƙara haƙuri, ranka ya daɗe. Yaran ba su manta nono ba tukuna."